Tamanin da Bakwai

A garejin gidanmu na Dayton, ranar Asabar,
na ɗaga ƙofa rabi don iska ta ratsa.
Teburin da na saya dala talatin
a gwanjon kayan wata tsohuwa da ta rasu
yana tsaye yana ɗingishi,
an lafta masa fenti kore shar kamar miyar kuka ɗanya.

Turai ta leƙo da waya a hannu
tana nuna mini ɗakin cin abincin wasu mutane:
bango fari fat, fitila rataye kamar faifai,
tebur sumul, ko ƙwarzane babu.
"Irin wannan nake so, Malam."
Na ce to.
Ban ce mata ba wanda ya taɓa zubar da miya a hoton nan ba.

Da hantsi jerin ya fito.
Matasa ɗari masu tasowa a wasan besbol,
an auna su kamar gero a mudu, an share baki.
Bara Sagir ɗina ne na arba'in da ɗaya.
Bana tamanin da bakwai.
Layi biyu suka ba shi:
bahago ne, jifarsa tana lanƙwasa,
an yi wa gwiwar hannunsa aiki, sai abin da hali ya yi.

Shekara goma sha tara a layi biyu.
Ba su rubuta asubahin Fabrairu ba,
muna kwashe ƙanƙara da shebur a bayan gida
don ya jefi tsohuwar katifar da na jingina da shinge,
har maƙwabcinmu Dwight ya gaji da ƙorafi
ya koma ƙirga masa ta taga.
Ni da na tashi da langa da ƙwallon tsumma a Funtuwa,
har gobe ban gama gane dokokin wasan nan ba.
Na dai san ƙarar ƙwallo in ta faɗa safar fata daidai,
kamar an karya rake a gwiwa.

Ya shigo, sallamarsa a ciki.
Tabon ɗinki kwance a hannunsa kamar shanshani.
Ban tambaye shi ba.
Na miƙa masa samfefa.

Muka yi ta kankara.
Kore ya tafi, sai ga fari.
Fari ya tafi, sai ga ruwan ƙasa mai ɗanko,
kowane mai gida da hukuncin da ya yanke wa katakon.
Ƙura ta hau mana gira, muka zama furfura ɗaya.
Wajen la'asar ya tsaya cak.
"Baba, duba."
Ja ne, ja mai duhu, da jijiyoyi kamar ruwa mai gudu.
Na sunkuya na shinshina.
Maɗaci.
Ko daga wane daji, ko a wane jirgi,
shi ma ya riga mu zuwa ƙasar nan,
ya yi shiru a ƙarƙashin fenti uku
ana yanka burodi a bayansa.

A gefe ɗaya akwai ƙunar gindin tukunya,
zagaye baƙi, ya ci ciki.
Turai ta ce a goge.
Sagir ya sa tafin hagunsa a kai,
ya ce in an bi shi da samfefa sai an rame teburin.
Ta dube shi, ta dubi hoton,
ta kife wayar a kan injin wanki.

Mai sau uku katakon yake so, da kwana biyu tsakani.
Shi kuma Litinin zai koma Arizona,
inda likita ya yarje masa jifa ashirin da biyar a rana,
a hankali, ba nisa.
Shafin farko kawai zai gani.

Na zuba man a tsumma.
Ya karɓa da hagu.
Na buɗe baki zan ce ya sauya hannu,
sai na duƙa ina neman abin da zan tokare gajeriyar ƙafar.