Wanda Ba a Ƙirga Ba

Na shiga Gangare da rigar ƙidaya,
alli a hannu, takarda a hammata,
sanyin Jos na cizon yatsu tun asuba.
Gida na sha bakwai, ƙofar kwano,
wani tsoho na gasa dankali a bakin murhu.
Baba Maikano, in ji yaran layi,
manya kuwa Ɗan Jidda suke ce masa.

"Mutum nawa ne a gidan nan, Baba?"
Ya juya dankalinsa, ya turo mini kujera:
"Zauna, 'yata. Ba a ƙirga mutum a tsaye.

"Na sauka Jidda kaina baƙi ƙirin.
Tsofaffinsu suka nuna mini gidajen dutsen teku,
tagogin katako masu ido dubu.
Suka ce dā ganuwa ce ta rungume garin,
jaki ke kawo ruwa,
kwale-kwale ke sauke alhazai,
kifi, dabino, sai addu'a.
Da mai ya ɓullo daga gabas,
kuɗi suka kwararo kamar ruwan Agusta,
aka kwantar da ganuwa,
gari ya tsallake gawarta bai ko waiwaya ba.

"Ni a guje na iske shi.
Filin da muka shanya wanki bana,
baɗi bene ne hawa ashirin.
Ruwan gishiri ma sun tace shi sun sha.
A tasha jiragen ruwa na amayar da shinkafa,
motoci, atamfa, ragunan layya,
riyal na wucewa ta hannunmu
kamar baƙon da ya zo tambayar hanya.

"Mu tara a ɗaki ɗaya,
yare shida, tukunya guda:
Bangali, ɗan Yaman, wani Basudane mai minshari.
Kowace shekara rediyo ya ce
mutanen gari sun kai miliyan kaza.
Na tambayi Bangalin, 'Har da mu?'
Ya yi dariya har siminti ya kakkaɓe daga gemunsa.

"Shekara talatin da ɗaya.
Rannan askar ya tare ni, 'Ina iƙama?'
a gindin wani asibiti
wanda ni na shafe bangonsa da hannun nan.
Na nuna masa bangon. Ya ce bango ba takarda ba ne.
Na dawo da jaka ɗaya, cokalin gini,
da wannan tarin da kike ji."

Ya ɓare dankali, ya miƙo mini rabi.
"Kada ki ce halin Larabawa ne.
Ubana daga Kazaure ya zo haƙar kuza,
lokacin da Jos ke nata gudun.
Je ki Barkin Ladi ki ga tafkunan da aka bari,
tekunmu ke nan, ba kifi, ba jirgi.
Wa ya san sunan wanda ya haƙa?
Gari mai saurin girma yaro ne ran Sallah:
yana taƙama da riga,
bai san inda tela ya kwana ba."

Na ɗaga biro. "To, Baba, mutum nawa?"
"Ɗaya."
Na rubuta.
"Karanta mini."
Na karanta: Maikano Isiyaku, namiji, magini.
"Sake."
Na sake, muryata na ɗan rawa,
na ce sanyi ne.

Na zana lamba a bangonsa da alli,
na wuce gida na sha takwas.

Bayan mako guda hanya ta biyo da ni.
An yi ruwa kwana uku,
allin layin duk ya wanke.
Nasa kaɗai ya tsira:
ya kwaɓa siminti cikin tafi,
ya bi sawun rubutuna da bakin cokali,
har da inda hannuna ya karkace.