Ƙaura a Valparaíso

Ƙarfe biyun dare a kan tudu,
jirgin ruwa na kuka can ƙasa,
shayina ya huce ban sani ba.
Na leƙa cikin shafin manhajarmu
sai na tarar da ɗakin marowaci:
ba a yar da komai ba,
ba a kuma san inda komai yake ba.

Shekara sha ɗaya muna jibga fayil
duk inda hannu ya kai.
Ga "sabo", ga "sabo na biyu",
ga "na ƙarshe", ga "na ƙarshe, na rantse".
Hotuna sun tare a ɗakin bayanai,
jagorar girka manhajar kuwa
tana cikin wata folda mai suna Canela,
sunan karyar Evaristo,
wanda ya rasu bara, ita tun kafin shi.

Ximena ta ce a share, a ja layi,
kowace siga da ɗakinta,
lamba a gaba, harshe a baya,
adireshi gajere da za a faɗa ta waya
ba sai an ce "maimaita" ba.
Gaskiyarta.
Kwana tara na yi ina jidar kaya.

Ran Talata saƙo ya zo daga Chiloé.
Wani masunci, Baldomero,
ya ce da fenti ya rubuta adireshinmu
a bangon rumfarsa
tun shekarar da 'yarsa ta fara tatata.
Nan yake duba lokacin da teku zai janye.
Yau ya ƙwanƙwasa,
aka miƙo masa huɗu, sifiri, huɗu.
"Kun tashi ne?"
Iyakar tambayarsa ke nan.

Ashe adireshi bashi ne,
mai bin ka yana inda ba ka zata ba.

Na koma na bi tsofaffin ƙofofi,
ɗari uku da sha bakwai,
kowace na ajiye mata ɗan rakiya
mai kama hannun baƙo ya kai shi sabon gida.
Idona ya yi ja. Gari ya waye a kan kwanon maƙwabta.

Canela kam na bar ta.
Ximena ta gan ta a jerin, ta ɗaga gira,
ta ci gaba da shan kofinta.
Tana nan tsakanin "saukewa" da "tambayoyi",
kwance a bakin ƙofa,
ba ta bin tsari,
ba ta yi wa kowa haushi.