Minti Goma Sha Ɗaya

Ni mai gyaran agogo ne a bakin babbar kasuwa,
teburina ƙafa uku gare shi, ta huɗun bulo ne.
Shekara goma sha tara ina tasowa daga Gwadangaji
in iso bakwai da rabi, ko ɗigo ba ya hawa.

Sai wata Talata aka jera ganguna ja da fari,
katafila ta kafa haƙori, ta ɓare kwalta kamar rogo.
Aka ce wata uku.
Na dubi hannun mai faɗar, babu agogo.

Birnin Kebbi ta zama tulun da aka toshe wa baki.
Mai keke na zagin ɗan kabu-kabu, shi kuma na zagin tirela,
tirelar shinkafa ta gicciye a kwana kamar saniya mai naƙuda.
Wata ungozoma a bayana tana roƙo a waya:
ku riƙe min ita, ga ni nan tafe, ina tafe.
Ba ta tafe. Babu mai tafe.
Tara saura kwata na buɗe akwati,
ni da nake gyara wa mutane lokaci.

A mako na uku suka ɓalle kwaɗon lambun gwamnati,
ƙofar gabas da tun ina yaro take garƙame.
Nahantsi mai kula da shi ya ja gefe da tiyo a hannu,
yana kallon tayu na bi ta inda ya hana yara ƙwallo.

Ba zan ɓoye ba, hanya ta yi daɗi.
Inuwar mangwaro ta zubo min a wuya,
hancina ya sha ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.
Na lissafa a fuskar agogona: ribar minti goma sha ɗaya.
Da su nake shan shayi a zaune,
da su na fara raka Asshibi makaranta.

Amma hanya ba ta zuwa ita kaɗai, da danginta take zuwa.
Kulu ta kawo tandarta gindin maɗaci,
mai faci ya biyo ta, mai fetur a kwalba ya biyo mai faci.
Bencin da ɗalibai ke haddar jarrabawa a kai
ya koma wurin jiran fasinja.
Balbelu suka yi shawara da magariba, suka tashi Dukku.
Wata safiya na ga bushiya a shimfiɗe kamar faifai,
na kauce mata, bayan an riga an gama kauce mata.

Wata bakwai, ba uku ba.
Aka yanka ƙyalle, aka tafa, aka kwashe ganguna.
Sabuwar kwalta baƙa wuluk, tana sheƙi kamar bayan tarwaɗa.
Aka mayar da kwaɗo, sabo, ya fi na da girma.
Kulu ta ɗauke tanda tana mita.
Yanzu bakwai da kwata nake isowa, har in jira gari ya waye sosai.

Wani lokaci nakan rage wuta a jikin waya in leƙa.
Sawun tayu biyu na nan, daga gabas har yamma,
kamar tsagar da wanzami ya yi da hannu mai nauyi.
Ciyawa ta zo bakinsu ta tsaya, ta ƙi haurawa.

Jiya Nahantsi ya zo teburina,
ya kwance tsohon agogonsa daga cikin hula.
Ya ce, tun bara yake ja da baya, duba min.
Na tambaye shi, da nawa?
Ya ce, goma, ko sha ɗaya.

Na sa gilashi a ido, na buɗe bayansa.
Ƙwayar yashi ce guda, ja, ta maƙale a haƙorin ƙarfe,
irin wadda taya ke watsawa.
Na hure ta. Na daidaita hannu.
Ya zaro naira ɗari biyu,
na ce ya mayar, an riga an biya.