Farashi da Fensir

A Rosario, bakin kogin Paraná,
inda jiragen ruwa ke layin lodin waken soya,
mahaifiyata Herminia ke gasa burodi
tun gari bai san zai waye ba.
Ba ta taɓa rubuta farashi da biro ba.
Fensir ne, da guntun magogi
ɗaure da zare a wuyan sikeli.

Shekarata ta farko a jami'a
Farfesa Bertolotti ya ja layi biyu a allo,
ɗaya na hawa, ɗaya na gangara,
ya ce inda suka gamu, nan kasuwa ke hutawa.
Na kwafa tsaf, har na ja masa layi.
Na koma gida na tarar buhun fulawa
ya tashi sau biyu tsakanin Litinin da Alhamis.

"Mu ƙaddara sauran abubuwa ba su motsa ba,"
haka yake buɗe kowace lacca.
Wane gari ke nan, malam?
A namu ko gishiri
ba ya kwana inda ya yini.

Aji uku, bakina ya cika da manyan kalmomi.
Na zauna ina yi mata bayanin
giɓin kasafi, kuɗin ruwa, faɗuwar peso.
Ta saurare ni har na kai aya,
hannunta cikin kwaɓi har gwiwa,
ta ce, "Itatí, miƙo min yis."

Digiri na biyu, lissafi ya cinye magana.
Haruffan Girkawa suka yi min dafifi a takarda
kamar tururuwa ta sami sukari.
Kuɗin tallafin da ya biya haya a watan Maris,
a Satumba kuɗin bas kawai ya iya.
Leandro, wanda ya fi mu duka kai,
ya tattara ya tafi Madrid yana wankin kwanuka.
Ni aka ce in kawo alƙaluma,
ba kundi sai da alƙaluma.

A ƙarƙashin kanta na same su:
littattafan bashi, shekara goma sha ɗaya,
takarda ta yi sirara wurin da aka yi ta goga,
tsohon farashi na leƙe ta bayan sabo.
Wata huɗu ina zuba su a kwamfuta,
maiƙon man shanu na bin yatsuna.

Zanen ya fito, ya miƙe sama kamar hayaƙi.
Sai ɗigo guda can ƙasa, shi kaɗai:
Anselmo, burodi biyu kullum,
shekara bakwai farashinsa bai gusa ba.
Mai duba aikina ta ce kuskure ne, in cire.

Na tambayi mai fensir.
Ba ta ɗago ba, tana yayyafa gari a faranti.
"Ranar da igiya ta tsinke a tashar jirgi,
shi ya goyo babanki har asibiti."

Ranar kare kundi, mutum uku a tebur.
Na tsakiya ya ɗora bakin biro a kan ɗigon,
ya ce, "Wannan fa?"
Na ce shafi na sittin da biyu, ƙasa.
Ya buɗe, ya karanta, ya gyara tabarau,
ya daɗe bai juya shafin ba.

Da yamma na tarar tana goge farashin jiya.
Ta miƙo min magogin.