Harsashi a Duluth

Ƙafa biyar muka tona, Barau,
don a nan sanyi ma saiwa gare shi;
in ba ka wuce shi ba, sai ya ɗaga maka gida
kamar murfin tukunya.

Eusebio ya ɗaure rodi da waya,
na ja igiya daga turke zuwa turke.
Sufeto Halvorsen ta sauka ramin da takalmin roba,
ta auna, ta yi shiru, ta sake aunawa.
Kusurwar gabas ta kauce da yatsa biyu.
Muka kwance.
Motar kankare ta koma da cikinta.

Sai bayan mako biyu muka zuba daɓe,
na yi ta shafa har magariba, gwiwoyina na kuka.
Gidan wata likitar haƙori ce, ban taɓa ganin ta ba.
Za ta taka nan da safa, ba ta san
akwai ƙwallon dabino ƙarƙashin falonta ba,
wanda na buɗe baki da shi,
na danna da babban yatsa, na yi bisimilla.

To, fegina na Gumel fa?
An ce har yanzu awakin Inna Tabawa ke kwana ciki.