Zane Huɗu

Ni ban iya kalanda ba.
Zakka katikis ke karanta ta.
Nawa akwatin ƙarfe ne a ƙarƙashin gado,
zanen bagadi huɗu a ciki.
Da su nake sanin inda shekara ta kwana.

Shunayya nake fara fitarwa
in dawa ta shiga rumbu.
Zakka ya ce lokacin jira ne.
Na ce, ɗana, ni za ka koya wa jira?
Sau ɗaya a wata Fada ke zuwa mana daga Malumfashi,
in babur bai yi gardama ba,
in rafi ya ba da hanya.
Mun san jira irin na Maryamu:
hannu na aiki, kunne na bakin ƙofa.

Farin Kirsimeti yana da tabo a gefe.
Jikata Sisiliya ta kifar da fitila a kansa
shekarar da ta zama mala'ika mai fukafukan kwali,
ta yi barci kafin makiyaya su iso.
Na sa sabulu, na sa lemun tsami.
Yanzu na ƙyale shi.
Wanda aka haifa a garke ba zai ƙi tabo ba.

Cikin bazara shunayya ke dawowa.
Kabar bara, wadda muka ɗaga muna Hosanna,
ita Zakka ke ƙonawa a kasko bayan coci.
Abin da ka yi murna da shi,
shi za a shafa maka a goshi.
"Ke ƙasa ce," in ji Fada.
Na sani.
Na ga inda aka sa Nomau.
Mako na huɗu na azumi ya tafi,
bai jira Ista ba,
shi da ko a gona ba ya son a riga shi.
Barmani maƙwabciyata, wadda ba ta san cikin coci ba,
ta shigo da magariba da ƙwaryar kunu,
ta ce, "Bana azuminku da namu sun haɗa hanya. Sha."

Daren Alhamis ake tuɓe bagadi.
Ni ke naɗewa.
Sai ga katako tsirara,
ƙusa ta leƙo, gara ta ci ƙafa ɗaya.
Ran Juma'a, ƙarfen garma da ke rataye a bedi,
wanda muke bugawa a madadin ƙararrawa,
shi ma ya kama bakinsa.
Ranar akwatina cike yake.
Ni ce fanko.

Daren Asabar a hura wuta da karan dawa.
Kyandir ɗaya ya kunna goma,
goma suka kai har ƙofa,
na ga fuskokin da na manta ina fushi da su.
Na shimfiɗa farin, tabon na wajen bango.
Ban ce na daina kuka ba.
Cewa na yi ya tashi.

Ja ba ya daɗewa a waje.
Fentikos ya zo da hadarin shuka,
iska ta ɗage kwanon coci guda biyu,
Zakka ya ce, "To, ga Ruhu nan, ku riƙe littattafanku."

Sai kore.
Kore ba ganga, ba shinkafa, ba baƙi daga Kafur.
Noma, maimai, zazzaɓin yara,
Lahadi na bin Lahadi kamar kunya a gona.
Cikin marka mu ara fari kwana ɗaya
don Uwa da aka ɗauka sama,
mu koma.
Shi ya fi koɗewa, shi na fi yi wa faci,
kuma ina jin a cikinsa Ubangiji ya fi zama da mu,
don shekara talatin ya yi yana sassaƙa
ba wanda ya yi masa guɗa.

Idona ya fara hazo.
Jiya na ɗauko shunayya na ce kore ne,
Sisiliya ta yi dariya, ta karɓa, ta musanya.
Na ba ta mabuɗin.
Igiyarsa ta yi mata tsawo a wuya.

Gobe Lahadi.
Bari in taɓa in ji ko ya bushe.