Dangwale

Kwana biyu ina gangarowa daga Lamjung,
gwiwa na kuka kamar tsohon ƙyaure,
littafin fansho ƙulle a haɓar zane.

A Pokhara akawu bai ɗago kai ba.
"Sunmaya Gurung, uwar mamaci?"
Na ce, uwar Lalkaji.
Ya ce duk ɗaya ne.
Ba ɗaya ba ne, amma layi da tsawo.

Ya kama babban yatsana ya tsoma a tawada,
yatsan da yaron ya riƙe
ranar da ya fara tsallake rafi
yana ihu wai ruwan ƙanƙara ya cije shi.

Sun ce a kan wani tsauni ya faɗi.
Mu da tsaunuka suka yi mana yawa,
sai da ya je ya mutu a kan na wasu.

Na ƙirga sau biyu. Gishiri, kananzir,
maganin tarin ubansa.
Uban ba ya taɓa kuɗin,
ya ce shi ba zai ci naman ɗansa ba.
Yana dai shan maganin.
Na ce masa bauna ce ta yi nono da yawa bana.

Da can kuɗi da wasiƙa suke zuwa tare,
malamin makaranta ya karanta min a bakin ƙofa.
Yanzu kuɗin kaɗai ke zuwa,
kuma ba ya latti.

Tawadar takan yi mako ba ta fita ba.
Ba na dirzawa.
Da ita nake yankan gero.